Tankin da Ya Ɓace a Ƙofar Guga

Ranar Asabar da sassafe Alhaji Dabo ya buɗe gidan da yake shirin sayarwa a Ƙofar Guga, ya tarar babu tankin ruwa, babu injin da ke jan ruwa daga rijiya. Dandamalin da tankin ke zaune a kai yana nan da shatar gindinsa a siminti, sai bututu biyu da aka bari baki buɗe. A bakin rijiyar kuma ga sufana a yashe, an shafa wa ƙotarta jan fenti. Duk unguwar an san mai shafa wa kayan aikinsa jan fenti, Sammani ne mai gyaran famfo.

Kafin rana ta ɗaga an tasa ƙeyar Sammani zuwa zauren mai unguwa. Maza suka yi cirko-cirko a waje, kowa ya zama alƙali. Wani ya ce dama ya lura da idonsa, wani ya tuna da butarsa da ta ɓata bara. Alhaji Dabo ya rantse in aka yi la'asar kayan ba su fito ba, caji ofis zai kai shi. To mutumin da abincinsa ke cikin gidajen mutane, har ɗakin matansu ake barinsa ya shiga, ranar da aka ce ya kwana a hannun 'yan sanda kan sata, ranar ya gama aiki a garin nan. Sammani ya san haka.

Mai unguwa ya aika aka kira Malam Babaji mai bin sawu. Tsoho ne dogo, a bayan shanu ya tashi, da ƙuruciya ya sha bin sawun ɓarayin dabbobi har cikin daji. Yanzu igiya yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Aibinsa ɗaya, tambayar tsiya. In ka ce masa ina kwana, sai ya so ya ji a wace katifa.

* * *

Allah ya taimaka Alhaji Dabo ya kulle gidan bai bar 'yan kallo sun tattake shi ba. Jumma'a da hantsi an ɗan yi ruwa, ƙasar tsakar gidan ta yi laushi, ta riƙe duk abin da ya taka ta. Babaji ya tuɓe takalmansa, ya bi gefen bango yana kallon ƙasa.

A inuwar zaure wani matashi mai tabarau na tsaye da jakar takardu. Malam Yazid ke nan, akantan da Alhaji ya ɗauko ya lissafa masa harajin cinikin. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da aiki da ruwan jiya.

"To kai mi ya haɗa ka da tanki?" in ji Babaji.

"Haraji, Baba. In mutum ya sayar da gidan da ba a ciki yake zaune ba, akwai harajin da ake biya a kan riba. Kafin a ce ga riba, sai an cire kuɗin da ya sayi gidan, a cire abin da ya kashe ya ƙara wa gidan daraja. Ƙarin in ya yi yawa, haraji ya ragu."

"Ashe. To duk abin da mutum ya kashe?"

Alhaji Dabo, wanda ke safa da marwa yana huci, ya cafe. "Ka ji inda muke ta rigima da shi. Na yi fenti, ya ce ba ya ciki. Na toshe yoyon kwano, ya ce ba ya ciki. Na sa an yashe shadda, wallahi da kuɗina, ya ce ba ya ciki."

"Wannan gyara ne, Alhaji," in ji Yazid, da muryar wanda ya gaji da maimaitawa. "Ka mayar da gida yadda yake ne. Amma katangar ƙasa da ka rushe ka tayar da ta bulo, tana ciki. Ɗakin da ka ƙara, yana ciki. Rijiyar da ka haƙa, tana ciki."

Abin ya ba Babaji sha'awa har ya ɗan manta da aikin da ya kawo shi. "Wato dusar da na ba saniya ba ƙari ba ce, amma ɗan maraƙin da ke biye da ita ƙari ne."

"Kusan haka, in dai tare da maraƙin za ka sayar. Sharaɗi biyu ne. Ya zama mai gidan ne ya kashe kuɗin, kuma abin yana jikin gidan ranar da aka sayar. Na tambayi Alhaji rasidin tanki da inji, ya ce babu, in zo in gani da idona. Na zo, ga abin da na gani."

Babaji ya gyaɗa kai, ya koma kallon ƙasa. Ga sawun takalmin Sammani, amma ruwa ya dake shi, kafin ruwan aka yi shi ke nan. Ga sawun tayar baro guda, ta shigo da sauƙi ta ƙofar baya, ta fita da nauyi. Ga inda aka mirgina tankin. Sai ƙananan ramuka zagaye-zagaye, irin na sandar da aka sa wa roba a gindi.

"Wa ke dogara sanda a gidan nan?"

Alhaji Dabo ya kawar da kai. "Tsohuwarmu ce. Tana zuwa ba zogalen marigayi ruwa. Bar wannan, Malam, ka nemo mini ɓarawo."

A nan Babaji ya ji tarihin gidan. Na Alhaji ne, tun da daɗewa ya saya, ya ba ƙanensa Nasiru ya zauna da matarsa Haulat. Nasiru ya rasu, Haulat ta gama takaba ta koma gidan iyayenta, shi ne Alhaji ya sa gidan a kasuwa.

Babaji ya tsuguna a kan sawun baron ya daɗe. Ƙadangaru sun ja wutsiya sun ƙetare shi ba sau ɗaya ba, ga shi kuwa yau rana ba ta yi zafin da za su fito ba tukuna. Jiya da rana aka yi shi ke nan. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

* * *

Da Babaji ya koma zauren mai unguwa, Sammani ya ɗago jajayen idanu. "Baba, ranar Alhamis na shiga, Alhaji ne ya ba ni makulli in duba injin kafin mai saye ya zo. Na duba na fito."

"Sufanar fa?"

"Tawa ce. Amma rabin unguwar nan da kayana suke aiki. Wanga ya ara, wancan ya ara, wallahi ban san hannun wa take ba."

"Wa ya ɗaura injin tun farko?"

"Ni."

"Wa ya biya ka?"

Sammani bai ga abin da ya haɗa wannan da halin da yake ciki ba. Shi ma Babaji bai gani ba, maganar Yazid ce kawai ke masa yawo a kai.

"Mahaifin Haulat. Lokacin tana da tsohon ciki, jan guga na ba ta wahala, ya sayo tanki da inji ya ce na ɗiyarsa ne. Alhaji na Saudiyya a lokacin. Da ya dawo ya gani, ya ce madalla, gida ya yi kyau."

Daga nan Babaji ya bi zarge-zargen mutane, don kada a ce bai bi ba. An ce 'yan gwangwan ne, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya je inda suke zube kaya, ya duba tayoyin kurarsu, duk biyu-biyu ne, babu baro ko ɗaya. Shugabansu ma dariya ya yi, ya ce su da za su ɗauki inji ai ba za su tsaya kwance noti ba, guduma za su sa. Gaskiya ya faɗa, don an kwance injin nan a tsanake, har an toshe bakin bututun da tsumma kada ƙasa ta shiga.

An ce Abbas dillali ne, wai don farashi ya faɗi ya samu na kashewa wajen mai saye. Babaji ya same shi a teburin mai shayi. Abbas ya dafe ƙirji. "Ni? Malam, la'adata a kan farashi take. In gidan ya faɗi ai ni na faɗi." Babaji ya dubi ƙafarsa, takalmi sau-ciki mai tsini, babu irinsa a tsakar gidan. Ya sha shayin da aka saya masa, ya tambayi mai shayin inda yake sayen citta, ya tashi.

* * *

Lungun da ke bayan gidan shi ya fi ba shi mamaki. Sawun baron ya fito daga ƙofar baya, ya yi taku kaɗan, ya ɓace. An share lungun tas. Kuma ba tsintsiya ɗaya ba ce, kowace ƙofa da irin hannunta, wata dogon ja, wata gajere. Har ƙofar gidan Mero an share, matar da ko ranar sallah sai an yi mata gori take ɗaukar tsintsiya.

Ya ci gaba da tafiya. Maza a bakin titi sai zargi suke yi, amma matan da ya gamu da su ko wadda ta tambaye shi an ga ɓarawo babu. Sai gaisuwa mai kyau, a ja mayafi a wuce. Unguwar da in akuya ta ɓata sai mata sun kwana uku suna zancen.

A ƙarshen lungun injin markaɗen Baraka ke ruri. Mace ce kakkaura, ita ke kwance injinta ta ɗaura, ba ta jiran namiji. Baronta na jingine da bango, an wanke tayar fes.

"Sannu da aiki, Baraka."

"Yawwa Baba, sannu da rana. Markaɗe ne?"

"A'a. Na ga baro ya sha wanka."

"Ƙullu ya zube masa."

"A taya?"

Ta ƙara wa injin wuta har maganarsa ta nutse. Babaji ya yi murmushi. Ya koma gidan shi kaɗai, ya durƙusa a bakin ƙofar baya, inda ƙasa ta fi laushi. Abin da yake tsoron gani yana nan. A wuri ɗaya tayar baro ta bi ta kan ramin sandar ta murƙushe gefensa. Gaba kaɗan kuma, ramin sandar ne a tsakiyar sawun tayar, ya huda shi. Mai sandar tana nan kafin baro ya wuce, tana nan bayan ya wuce. A gindin zogale kuma ga ƙafafu huɗu na kujera 'yar tsugunne sun nutse, sun fuskanci rijiya.

* * *

Hajiya Hajo na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, a tsohon gidansu, sandarta a gefe. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mata ta'aziyyar Nasiru duk da ya yi tun tuni. Daga inda ya zauna yana hango wani tudu a bayan ɗakin, an lulluɓe shi da tabarmi, baƙin gefensa na leƙe.

"Hajiya, Jumma'a da maza suka tahi masallaci, kin ba zogale ruwa."

"Na ba shi."

"Kin daɗe kuwa. Har da kujera."

Ta dube shi, babu ko ɗar. "Kayan yarinyar nan ne, Malam. Ubanta ya saya mata. Ta fita gidan da akwatinta da marayu biyu, kunya ta hana ta buɗe baki gaban wan mijinta. Can gidan ubanta guga take ja, ni na gani. In aka sayar da gida da kayanta a ciki, ɗana da ke kwance a kabari ya bar ta da mi? Shi kuma wancan ya ci haƙƙin marayu bai sani ba."

Wancan. Babaji ya gane. Alhaji Dabo ɗan farinta ne. Matan zamaninta ba su kama sunan ɗan fari, ba su zama su yi zance da shi. Kullum yakan zo daga GRA ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Ko zagayawa bayan ɗakin bai taɓa yi ba.

"Ba ki aika masa ba?"

"Na aika Mero. Ya ce mata abin da aka kafe a jikin gidansa na gidansa ne, kuma mai lissafi ya riga ya rubuta." Ta gyara zama. "Mi ya rage mini?"

"Sufanar da Baraka ta manta ta Sammani ce. In an yi la'asar za a kai shi caji ofis."

Wannan kam Hajiya ba ta ji ba, matan sun ɓoye mata. Hannunta ya kai kan sandar ya tsaya.

"Ni ba zan tsaya gaban maza in kama sunan uwar mutum ba," in ji Babaji. "Amma kuma ba zan bari a tahi da yaron nan ba. Ban san yadda zan yi ba, Hajiya, gaskiya ke nan."

Ya yi sallama ya fito, zuciyarsa ba daɗi.

* * *

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika. Ga Sammani a rakuɓe, ga Abbas dillali, ga shugaban 'yan gwangwan, ga Yazid da jakarsa a cinya. Alhaji Dabo ya zauna a gaba yana kaɗa makullin mota.

Babaji ya fara a hankali. Ya ce ba da dare aka ɗauki kayan ba, da rana tsaka ne, lokacin da duk mazan da ke zauren nan suke sahu a masallacin Jumma'a, har da Sammani. Ya ce sawun Sammani ya riga ruwa, na baro ya biyo bayan ruwa. Ya wanke Abbas, ya wanke 'yan gwangwan. Ya ce wanda ya kwance injin ya toshe bututu don kada rijiya ta lalace, kuma shi bai taɓa ganin ɓarawon da ke tausayin rijiya ba.

"To wane ne?" in ji Alhaji Dabo.

"Kafin nan, Malam Yazid, in tambaye ka. In wani ne ya sayi abu da kuɗinsa ya sa a gidan da yake zaune, mai gida zai lissafa shi cikin abin da ya kashe?"

"A'a. Sai abin da ya fita daga hannunsa."

"Alhaji, kai ka sayi tankin?"

Alhaji Dabo ba maƙaryaci ba ne, mutum ne dai da bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba. "A gidana yake," ya ce, amma muryar ta rage ƙarfi. Sai kuma ya murtuke. "Wannan wata magana ce. An shiga gidana an ɗauki kaya. Ka ba ni suna, Malam, ko in tahi da wanda sufanarsa ke hannuna."

Babaji ya dubi ƙasa, abin da ya saba yi duk rayuwarsa, amma tabarma ce a wurin, babu abin karantawa. Sammani na kallonsa. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, a hankali daga waje. Mutanen bakin ƙofa suka dare. Hajiya Hajo ta tsaya a dokin ƙofar zauren, Baraka da Mero na bayanta, bayansu kuma matan lungun ne har bakin titi.

"Dabo."

Makullin motar ya faɗi a tabarma. Mutum ya haura hamsin, ya yi furfura a gemu, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Dattawan zauren duk suka sunkuyar da kai, kunya ta kama su kamar su aka kira.

"Ni na ɗauka. Kayan Haulat ne, suna bayan ɗakina. Ka saki bawan Allah ya tahi wurin iyalinsa." Idonta na kansa, ba a bango ba. "Ka sayar da gidanka, Allah ya sa albarka. Abin marayu dai ka bar musu."

Ta juya abinta. Ana jin ƙarar sandar tana nisa.

Yazid ya zaro biro ya ja layi ɗaya a takardarsa, ya ce a hankali, "Harajin zai ɗan ƙaru, Alhaji." Alhaji bai ma ji shi ba. Ya rarrafa gaban Sammani ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ka yafe mini don Allah. Gobe ka je ka ɗaura mata a gidan ubanta, ni zan biya." Ya dubi mai unguwa. "A faɗa a masallaci, ni na yi kuskure, ba shi ba."

Bai jira amsa ba ya fice. Sammani ya kifa kai a gwiwa yana kuka marar sauti, Abbas na bubbuga bayansa kamar ba shi ne ɗazu ya fi kowa zaƙewa ba.

Babaji ne ƙarshen fita. A bakin zauren ya ga takalma masu tsada an bar su, motar Alhaji kuma na nan inda aka ajiye ta. Ya dubi ƙasa. Ramukan sanda sun miƙe sun nufi tsohon gida, a gefensu kuma ga sawun babban mutum, ƙafa ba takalmi, ya fara da sauri, sannan ya rage tafiya daidai da ta sandar. Babaji ya ɗauki takalman ya saƙale a hammata, ya bi bayansu bai yi gaggawa ba.